Duwatsun Lambun Mai Igiya

"Ni fa ba ƙinsa nake yi ba, Auta," in ji Baba. "Tausayinsa nake ji."

Auta ta tsayar da keken ɗinkinta, ta bar ƙafarta a kan mataki. Wata uku ke nan tana jin wannan kalma. Da ƙi ne, da ta san inda za ta ɓullo masa, don ƙi ana musu da shi, a kawo hujja, a kawo shaida. Tausayi kuwa ba shi da inda za a kama shi. Mai yinsa zai rufe maka ƙofa, sannan ya tsaya jiran ka gode masa.

"Baba, noma yake yi. Da hannunsa."

"Na ji. Ana faɗa."

"To ka je ka gani mana..."

Baba ya ce shi shekara talatin da biyar yana noma da idonsa biyu garau, kuma har yau ƙasa tana kayar da shi, balle wanda ba ya gani. Ya ce yaron yana da ladabi, yana da asali, amma shi bai haifi 'ya don ta zama sandar wani ba.

Goggo, yayar Baba, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake a faranti. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, kuma tun ranar Baba bai ƙara yanke hukunci cikin kwanciyar hankali ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce ai zuwa gani ba ya cin komai sai tafin ƙafa, shi kuwa nasa ya riga ya cinye tuntuni a yawon majalisa.

Baba ya yi ƙwafa. "Ranar Asabar zan je. In na ga gona, na ga gona. In na ga wasan yara, kada a sake tayar min da maganar nan."

Wanda ake maganar a kansa, Mai Igiya ake ce masa. Da mai gyaran batir ne a bakin hanya, har ranar da wani batir ya fashe masa a fuska. Shekara biyu ya yi a ɗaki bayan haka. Mahaifiyarsa tana kai masa ruwa, tana miƙa masa takalmi, tana roƙon kowa kada a bar shi ya ɗaga ko da tsinke. Mutane suka yi ta yabonta, kuma ta cancanci yabo, sai dai babu wanda ya lura cewa ɗan nata ya daina magana.

Wata malamar gona ce ta fito da shi. Ita ma da sanduna biyu take tafiya, gida-gida take bi tana neman waɗanda aka ɓoye don ƙauna. Ta haɗa su ƙungiya, aka ba su fili kusa da rafi, kowa da yankinsa. Masu keken guragu aka ɗaga musu fangalin shuka zuwa tsayin ƙugu. Shi kuma aka koya masa noma da igiya: turke a nan, turke a can, igiya a tsakani, ƙulli a kowane taƙi, inda aka ji ƙulli nan za a sa iri. Sauran dabarun shi ya ƙirƙiro abinsa.

A nan Auta ta fara ganinsa, ranar da ta je sayen alayyahu. Ta tsaya tana kallon igiyoyin, ya ce mata ba tare da ya juyo ba, "Mai ɗinki ce, ko? Ina jin ƙamshin man keke." Ta koma gida da alayyahu fiye da na kuɗinta. Bayan mako biyu Inna ta ce ita dai ta gaji da alayyahu, a canza mata ganye.

Yana ce mata Telata. Ita kuma tana ce masa Manomi a gaban mutane, in su biyu ne ta ce masoyina, a hankali, kamar kada iska ta ji.

Da ta kai masa labarin Asabar, dariya ya yi, ya ce Baba ya zo lafiya, zai tarar da shi yana kafce fangalin da zai dasa albasa. Shi ko a jikinsa. Ita kuwa ta kwana uku tana ɗinka hannun riga a baibai.

Ranar Juma'a 'yan ƙungiyar duka suka tafi horo na wuni guda a garin da ke gaba. Auta ta sani. Bayan azahar ta rufe keke, ta ɗauki tsintsiya, ta ce wa Inna za ta kai ɗinki.

Ta tsaya a bakin lambun ta dube shi da idon Baba. Abin da ba ta taɓa gani ba sai ya fito mata tsirara. Duron ruwa a tsakiyar hanya, inda mutum zai iya karo da shi. Duwatsu zube a bakin kowane fangali, nan ɗaya, nan biyu, can uku, can huɗu, kamar yara sun yi wasa sun watse. Igiyar hanya duk ƙulle-ƙulle, bakinta ya tarwatse. Baba zai kalli wannan ya ce ga wasan yaran.

Ita tela ce. Mace ce da ba ta iya ganin ƙulli a zare ta bar shi ya kwana.

Ta mirgina duron gefe, ta matsar da shi gaba kaɗan inda ƙasa ta fi daidaita. Ta kwashe duwatsun ta share hanya tas. A zatonta na danne igiya ne, don haka ta mayar da su, amma wannan karon da tsari: uku-uku a bakin kowane fangali, gwanin kyau. Ta kwance ƙullin igiyar hanya guda biyar, ta ɗaure bakinta. Ta ja da baya ta duba aikinta, ta ji sanyi a ranta. Har addu'a ta yi kafin ta tafi.

Da safiyar Asabar Baba ya sa babbar rigarsa kamar mai zuwa duba mara lafiya. Auta tana bayansa da taku uku.

Tun kafin su isa ƙamshi ya tare su. Ƙamshin albasa ɗanya, mai ƙarfi, irin wanda ba a jinsa sai an sare ta.

Mai Igiya yana durƙushe a tsakiyar wani fangali, fartanya a yashe gefensa, hannayensa biyu cikin ƙasa. Fangalin renon iri ne, albasar da ya yi mako shida yana lallaɓawa, sirara kamar ciyawa. Kashi ɗaya cikin uku an kafce shi, an juya ƙasar, koren yana kwance ta ko'ina. Fangalin da ya yi niyyar kafcewa kuwa yana nan a gefe da ciyawarsa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ya ji takunsu, ya miƙe, ya gaida Baba har ƙasa.

Baba ya amsa. Ya daɗe yana kallon fangalin, sannan ya tambaya da murya mai laushi ko dabbobi ne suka shigo.

"A'a, Baba. Ni na kafce shi da hannuna."

"Irin naka?"

"Nawa. Sai da ƙamshin ya taso na gane."

Auta ta dubi duron. Ta dubi duwatsun, uku-uku, reras. Ta ga ya ɗan juyo da fuskarsa wajenta, daidai inda take tsaye, sannan ya mayar.

Baba ya yabi sharar wurin, ya ce lallai akwai tsafta. Ya dafa kafaɗar Mai Igiya ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ƙara haƙuri, ai ya yi ƙoƙari. Duk wanda ya san Baba ya san in ya ce mutum ya yi ƙoƙari, ya gama da shi ke nan.

A hanya Baba bai ma yi murnar gaskiyarsa ta fito ba, wannan ne ya fi yi wa Auta ciwo.

Har la'asar ba ta ci komai ba. Ta zauna gaban keke, zare a allura, ba ta ɗinka ko taƙi ɗaya ba. In ta yi shiru, magana ta mutu. In ta yi magana, za ta faɗa wa mahaifinta cewa ta yi wa Inna ƙarya, ta tafi lambun saurayi ita kaɗai, kuma ita da ta fi kowa cewa zai iya, ita ce ta fara lallaɓawa ta gyara masa a ɓoye.

Baba yana zaune a tabarma yana gyaran ƙotar gatari ta zo ta durƙusa.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na share lambun jiya. Na matsar da duro, na jera duwatsun... Ban san da su yake gane hanya ba. Daga duron yake ƙirga fangali, ina ji. Ni na ɓatar da shi."

Inna ta saki ludayi. Baba ya ajiye gatarin a hankali. Ya yi mata faɗan ƙaryar da ta yi, ya yi mata na tafiya ita kaɗai, ta sunkuyar da kai ta shanye. Da ya gama sai ya ce, to ai wannan ma ya ƙara tabbatar masa. Manomin da yarinya za ta matsar wa da dutse ya sare irinsa, gobe akuya ce za ta matsar, jibi iska. Abincin gidan 'yarsa ba zai rataya a kan tsakuwa uku ba.

Magana ce mai nauyi. Hawaye suka zubo wa Auta.

Goggo ta gyara zama.

"Kai, shekarar da aka haifi yarinyar nan, me ya sami gonarka ta wake?"

"Yaya, wannan wace magana ce kuma..."

"Tambaya na yi."

Goggo ta juya ga Auta ta ba ta labarin dalla-dalla, tana jin daɗin kowace gaɓa. Wai Inna ce, da tsohon ciki, ta shiga rumbu ta ga kwalabe a hargitse, ta wanke, ta juye na wannan a waccan don ta sami kwalbar zuba mai. Baba ya zo da safe ya ɗauki kwalbar da ya saba ɗauka a inda ya saba ɗaukarta, ya feshe gonar wake kaf da maganin ciyawa yana zaton na ƙwari ne. Kwana uku gona ta ƙone ƙurmus.

"Da idonsa biyu fa," in ji Goggo. "Manya-manya, irin na gidanmu. Shi wancan ƙamshi ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku. Kai me ya tsayar da kai? Ƙarshen gona."

Inna ta ce don Allah a bar tone-tone, ai an yafe mata tuntuni. Goggo ta ce ita ba tono take ba, gado take nunawa: shara ta Inna ce, Auta ta gada.

"Kowane manomi da duwatsunsa," ta ƙara, ta koma kan wakenta. "Naka a ido suke, shi ya sa kake zaton ba ka da su."

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki gatarin, ya juya shi, ya sake ajiyewa.

"Auta. Ya san ke ce?"

"Ina jin ya sani, Baba."

"Tun ina tsaye a wurin?"

"E."

"Kuma ya ce shi ne."

Ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari da hantsi ta nemi izinin Inna, wannan karon da gaskiya, ta tafi lambun. Ta tarar da shi a durƙushe a fangalin ciyawar nan, sai dai yanzu babu ciyawa. An kafce, an baje, igiya ta miƙe daga turke zuwa turke. Gefensa kwano ne da ruwa kaɗan, cike da irin albasar da ya sare. Yana ɗauko ɗaya, ya shafa gindinta da yatsa, in saiwa tana nan ya nemi ƙulli ya dasa, in ta tsinke ya jefar baya.

Ta yi sallama. Ya amsa, bai daina aiki ba.

"Masoyina..."

"Sharar ta yi kyau. Layi-layi kamar ɗinki. Tun da na shafa ƙasa na san hannun."

"Ka yafe min."

"Da kuma bakin igiyar. Wa zai ɗaure igiya kamar bakin zare in ba tela ba?"

Ta durƙusa nesa kaɗan. Ta ce ta faɗa wa Baba komai. Hannunsa ya tsaya a kan ƙulli, sannan ya ci gaba.

Ya bayyana mata, ba da faɗa ba, wanda ya fi faɗa zafi. Dutse ɗaya na nufin an shuka, biyu ana reno, uku a kafce, huɗu an sa taki kada a taɓa. Ƙulle-ƙullen igiyar hanya su ke gaya masa inda zai juya. Jiya ya nemi ƙulli bai samu ba, ya ce ko ruwa ne ya sassauta su, ya koma ga duro. Ya ƙirga biyu daga duro, ƙafarsa ta ji dutse uku. Shaida biyu sun yarda da juna, sai ya ɗaga fartanya.

"Ba albasar ce ta dame ni ba, Telata. Albasa tana tsirowa. Shekara biyu uwata tana yi min komai kafin na tambaya, har na manta yadda ake son abu. Na zaci ke kin san bambancin."

"Tsoro na ji."

"Na me?"

"Kada Baba ya ga wurin a hargitse ya ce..."

"To wace gonar kike so ya gani? Tawa ko taki?"

Kuka ya ƙwace mata, irin mara sauti. Ya bar ta ta yi. Ya dasa guda huɗu, sannan ya tura kwanon wajenta.

"Zo ki taya ni zaɓe. Amma da yatsa, ba da ido ba. Idonki ya yi aikinsa shekaranjiya, ya huta."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta matso. Ta tambaye shi ko ta mayar da duwatsun. Ya ce wannan ce tambayar da yake jira tun ranar da ya fara jin ƙamshin man keke. In za ta taimake shi har ƙarshen rayuwa yana so, yana buƙata ma, amma ta riƙa tambaya. Nan ya zauna yana faɗa, ita tana bi fangali-fangali: nan ɗaya, nan huɗu, nan biyu. Suka mirgino duron tare suka mayar da shi tsakiyar hanya, inda ya fi muni kuma ya fi amfani. Ta ƙulla ƙulli biyar a igiyar da hannunta, tana ƙullawa tana cije leɓe, shi yana tsokanarta wai yau tela ta ci amanar sana'arta.

Suna cikin haka aka yi gyaran murya a bakin shinge.

Baba ne. Ba babbar riga yau, tsohuwar rigar gonarsa ce a jikinsa. Auta ta miƙe da sauri. Mai Igiya ya gaishe shi.

Baba ya tsaya bakin sabon dashen. Ya rufe ido ɗaya ya auna layin, yadda manoma suke yi. Ya tsuguna ya sa taƙinsa tsakanin tsiro da tsiro, ya matsa gaba ya sake sawa. Ya tambayi nawa aka ceto. Mai Igiya ya ce fiye da rabin abin da ya sare, in an ba su ruwa safe da yamma kwana biyar za su miƙe. Baba ya ce shi da a inuwa zai fara ajiye su kwana ɗaya. Mai Igiya ya ce ya gwada hakan bara, sun yi laushi. Suka shiga musu a kan albasa, musu sosai, har Baba yana ɗaga murya.

Auta ta jingina da duro. Wata uku tana roƙon Allah Baba ya daina lallaɓa mutumin nan. Ga shi yau yana ce masa bai san taki ba.

Da musun ya lafa, Baba ya kakkaɓe hannu.

"Jiya ka san ba laifinka ba ne."

"Fartanyar a hannuna take, Baba."

"Na ji. Kana da kawu?"

"Ina da shi."

"Ka ce ya zo ya same ni. Ban ce na yarda da maganarka ta inuwa ba fa."

Mai Igiya ya sunkuyar da kai, ya yi godiya. Auta ta rufe fuska da gefen mayafi.

Baba ya juya zai tafi. Taku biyu ya yi ya ci karo da wani ɗan dutse a tsakiyar hanya. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta, irin ta mutumin da ya shekara talatin da biyar yana kawar da dutse daga gona. Sai ta tsaya a sama.

"Kai, Mai Igiya. Wannan na bakin shingen... na aiki ne, ko na banza?"

Mai Igiya ya yi murmushi.

"Na banza ne, Baba."

Baba ya dubi dutsen, ya dubi 'yarsa. Ya sauke ƙafarsa a hankali, ya kewaye shi, ya wuce.